Hannu a Kafaɗar Jagora

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Shaidar da zan bayar a kan wani abu ne da na ɓoye kusan shekara talatin. Na ɓoye shi ga ikilisiya, na ɓoye shi ga matan zumunta waɗanda muke raira waƙa tare, na kuma yi iyakar ƙoƙarina in ɓoye shi ga 'ya'yan da na haifa. Abin kunya ne a ganina a ji cewa babbar mace mai baftisma, wadda take tsayawa gaban yara kowace Lahadi tana ba su labarin Daniyel a ramin zakoki, ba ta iya runtsawa sai da fitila a kunne. Ba irin ɗar-ɗar ɗin da kowa yake ji idan zai ratsa makabarta da dare nake nufi ba. Nawa ya wuce nan, domin da zarar haske ya ɗauke sai maƙogwarona ya toshe, gabana ya riƙa dukan uku-uku, gumi ya karyo mini ko da a tsakiyar hunturu ne, in ji kamar bangon ɗakin yana matsowa zai haɗe da ni.

An haife ni a wani ƙauye na Maguzawa a ƙasar Malumfashi, tun kafin a ƙirƙiro jihar Katsina a 1987. Gidanmu babban gida ne na gandu, kuma mahaifina ne na farko a cikinsa da ya karɓi bishara. Da girmansa ya koyi karatu a hannun wani mai bishara da yake zagaya ƙauyukanmu a kan keke, ya kuma mallaki Littafi Mai Tsarki na tsohuwar fassara, wadda aka fara bugawa a 1932, yana nannaɗe shi da tsumma yana ratayewa saboda gara. Kakata kuwa, mahaifiyarsa, ta tsaya kan abin da ta gada har ranar da ta bar duniya. Akwai wata tsamiya a bayan gida da take kai wa fura, wani lokaci da jinin jan zakara, kuma a bakinta muka koyi dokokin dare: ba a fito, ba a shara, ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa, kuma idan ka ji an kira sunanka daga duhu kada ka amsa sai ka ga mai kiran. A wurinta rana ta mutane ce, dare kuma na masu dare, wato iskoki da mayu.

Ina da shekara bakwai abin ya faru. Ƙarshen bazara ne, hatsi ya yi ƙasa a cikin babban rumbun ƙasa na gidan, wanda bakinsa yake can sama, kuma a irin wannan lokaci yaro ƙarami ake zurawa ciki ya ɗebo. Ɗan baffana, wanda ya girme ni da shekara huɗu, shi ya zura ni da igiya, ina cika ƙwarya da zangarniyar gero yana janyewa. Muna cikin haka hadari ya taso babu zato. Ya yi ƙoƙarin ciro ni ya kasa, sai ya yi abin da aka koya masa, wato kada a bar ruwa ya taɓa hatsi: ya mayar da murfi, ya ja jinka ya rufe, ya ruga kiran babba. Kafin ya kai tsakar gida iska ta yaye rufin wani ɗaki, awaki suka watse, kowa ya shiga ta kansa, shi kuma tsoron duka ya kama shi ya yi gum. Har yau ina iya jin warin ƙurar geron nan da ƙaiƙayinsa a wuyana. Na ɗaga tafin hannuna dab da fuskata ban gan shi ba. Na yi ihu har muryata ta dishe, amma bangon rumbu yana da kauri, ruwa kuma yana dukan jinka. Ɓeraye suka riƙa bi ta kan ƙafafuna, ni kuwa duk abin da ya motsa sai in ce masu dare ne suka zo. Daga la'asar nake ciki, ba a gane babu ni ba sai da Inna ta raba tuwon dare ta ga kwanona ba mai ɗauka.

Na yi kwanaki ba na magana. Kaka ta ce iska ce ta shafe ni, ta ɗaura mini laya a ƙugu ba da sanin kowa ba. Da Baba ya gani ya sa wuƙa ya tsinke ta, ya jefa a murhu, ya ɗora ni a cinyarsa ya karanta mini Zabura ta 91, inda aka ce ba za ka ji tsoron razanar dare ba. Da ya rufe littafin ya dube ni ya ce, “'Yar Kirista ba ta tsoron duhu.” Na san da ƙauna ya faɗa, na kuma san irin gwagwarmayar da yake yi a gidan da ake jira a ga ko Allahnsa zai iya tsare 'ya'yansa. Amma abin da yarinya 'yar shekara bakwai ta ji shi ne, in dai tana tsoro, to ita ba Kirista ba ce. Sai da na girma na lura cewa Kaka da Baba, duk da saɓanin da ke tsakaninsu, sun yi tarayya a kan abu ɗaya ba su sani ba: dukansu biyu sun bar wa maƙiyi duhu a matsayin gidansa. Ita tana cewa a lallashe shi, shi yana cewa a tsawata masa, amma babu wanda ya gaya mini cewa Allah yana cikin rumbun nan tare da ni. Inna ce kaɗai ba ta ce komai ba. Ta samo aci-balbal ta zuba mata man gyaɗa, ta riƙa ajiyewa kusa da tabarmata.

Da wannan haske na aro na yi rayuwa. A kwalejin horon malamai, inda ake kashe fitilu idan an kaɗa ƙararrawar barci, rabin kuɗin da ake ba ni na kashewa a batirin tocila yake tafiya, ina kunna ta a ƙarƙashin bargo. Da na yi aure, maigidana ya gane tun daren farko, ya kuwa rufa mini asiri, har ya zama a gidanmu ana iya rasa gishiri amma ba a rasa kananzir a fitilar ƙwai. Wata shekara da kananzir ya yi wuya na koma ga kyandir, kuma wani dare barci ya sace ni, kyandir ya faɗi ya kama gidan sauro, ɗana na fari yana ciki. Allah ya sa kukansa ya tashe mu, amma hannunsa na hagu ya ƙone, tabon yana nan har gobe. Maƙwabta suka zo jaje suna cewa tsautsayi ne wanda ba ya wuce ranarsa, ni kuwa ina amsawa ina sunkuyar da kai, domin na san abin da ya kunna kyandir ɗin.

Asirina ya tonu ranar Laraba, 29 ga Maris 2006, ranar da aka yi husufin rana cikakke wanda ya ratsa ta kan Katsina, inda nake koyarwa a wata makarantar firamare. An yi ta sanarwa a rediyo cewa kada a kalli rana da ido tsirara, ni ma na gargaɗi ɗalibaina, na kuma zana musu a allo yadda wata yake shiga tsakanin rana da duniya. Na san bayanin sarai, amma sani bai hana komai ba. Wajen ƙarfe goma da rabi na safe hasken ya fara yin wani iri, iska ta yi sanyi, tsuntsaye suka riƙa komawa bishiyoyi, daga masallatai ana kiran mutane zuwa salla, yara suna ihu suna kaɗa gwangwanaye, sai duhu ya sauko gaba ɗaya. Bai kai minti biyar ba. Da haske ya dawo aka same ni a tsugune a lungun aji, na rufe kaina da hannuwa, ina cewa, “Inna, ki buɗe, Inna, ki buɗe,” yara fiye da arba'in suna tsaye suna kallon malamarsu.

Bayan wannan ba sauran ɓoyo. Na gaya wa matar fastonmu, ita kuma ta tara waɗansu mata aka yi mini addu'a da azumi na kwana uku. Waɗansu sun ce ruhu ne na kakanni yake bina saboda tsamiyar Kaka, aka ɗora mini hannu aka tsawata da babbar murya. Ba na raina addu'ar nan ko kaɗan, domin matan sun bar sana'o'insu sun zauna da yunwa saboda ni. Amma gaskiya ita ce duk daren da ya biyo baya tsoron yana nan yadda yake, sai ma ya sami abokin zama, wato zargin kai, domin na ce tunda an yi addu'a bai tafi ba, ashe bangaskiyata ce ba ta kai ba. Na kai ga daina cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke tarayya a kai don tunawa da mutuwar Yesu, na watanni, ina ganin ban cancanta ba.

A ƙarshen wannan shekara, a sujadar dare ta shiga sabuwar shekara, aka ba wani tsoho baƙo karatun Littafi. Mai bishara ne da ya yi ritaya, makaho, ya zo wurin 'yarsa ya yi hunturu. Jikansa ya kawo shi gaba, ya buɗe wani ƙaton littafi mai kauri na rubutun makafi, ya ɗora yatsunsa ya fara Zabura ta 139. Ba a kawo wuta ba tun rana, janareto ne yake aiki, kuma yana tsakiyar karatun janareton ya yi tari sau biyu ya mutu. Majami'a ta yi baƙi ƙirin. Na ji abin nan ya taso mini daga ciki, na kama bencin gabana na riƙe, mutane suna ta motsi suna lalube, amma muryar tsohon ba ta ko girgiza ba, domin shi bai san an yi wani canji ba. Ya ci gaba har ya kai wurin da Dauda yake cewa ko da ya ce duhu ya rufe shi, haske ya zama dare kewaye da shi, duhun ba duhu ba ne ga Allah, dare yana haskakawa kamar rana, duhu da haske duk ɗaya ne a gare shi. Sai a nan ya ji hayaniya ya tsaya, aka raɗa masa abin da ya faru, ya ce, “Ku zauna yadda kuke, 'ya'yana. Maganar tana nan ƙarƙashin yatsuna, ba ta je ko'ina ba.” Ya ƙarasa zaburar har aya ta ƙarshe. Na karanta wannan zabura ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, amma kullum cikin haske nake karanta ta. Ran nan ne na fara jinta a wurin da aka rubuta ta dominsa. Ban daina rawar jiki ba, amma ban gudu ba, kuma wannan shi ne karo na farko tun ina shekara bakwai.

Kwana biyu bayan haka na je gidan 'yarsa da 'yar ƙwaryar ƙosai, na durƙusa na gaishe shi, na kwashe labarina duka na gaya masa. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, “'Yata, me kike roƙon Allah ya yi miki?” Na ce, “Baba, ya kawar mini da duhun nan.” Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce shi ma ya yi wannan roƙo shekaru masu yawa. Ƙyanda ce ta tafi da idanunsa yana ɗan shekara tara, daga baya aka kai shi makarantar makafi ta Gindiri, wadda aka buɗe a 1953, inda ya koyi karatu da yatsa, ya kuma ce ya daɗe yana karanta labarin Bartimawus, makahon da Yesu ya warkar, yana fushi, yana tambaya me ya sa aka buɗe wa wancan ido aka bar shi. Na ce masa, “Amma Baba, ai an rubuta cewa Allah haske ne, babu duhu a cikinsa ko kaɗan.” Ya ce haka ne, amma in lura duhu iri biyu ne a cikin Littafi. Akwai duhun zunubi, wanda Yohanna ya ce mutane sun fi ƙaunarsa da haske domin ayyukansu mugaye ne, kuma wannan a zuciya yake zaune, mutum yana iya ɗauke da shi da rana tsaka. Akwai kuma dare, wanda Allah da kansa ya raɗa wa suna tun a farkon littafin Farawa, wanda mai zabura ya ce wa Allah, yini naka ne, dare kuma naka ne. Ya ce Shaiɗan bai halicci ko daƙiƙa ɗaya ta dare ba, saboda haka kada in ba shi kyautar abin da ba nasa ba.

Na riƙa komawa wurinsa duk yammacin Asabar har hunturu ya wuce. Shi ya nuna mini wurin da na sha tsallakewa a Fitowa sura 20, inda jama'a suka tsaya daga nesa, Musa kuwa ya matsa kusa da baƙin duhu inda Allah yake. Shi ya sa na haddace Ishaya 50:10, inda ake magana da mai tsoron Ubangiji, mai biyayya, wanda duk da haka yake tafiya cikin duhu ba shi da haske, kuma ba a tsawata masa ba, ba a ce bangaskiyarsa ta gaza ba, cewa aka yi ya dogara ga sunan Ubangiji, ya jingina ga Allahnsa. Na yi kuka a kan wannan aya, domin ita ce ta warware maganar da ta ɗaure ni tun a cinyar Baba. Wata rana kuma muka tsaya a kan Markus sura 15, inda duhu ya rufe ƙasa duka daga tsakar rana har ƙarfe uku na yamma Yesu yana kan gicciye. Ni da na koyar da yara yadda husufi yake aukuwa na san wancan ba husufi ba ne, domin a lokacin Idin Ƙetarewa na Yahudawa aka gicciye shi, idin kuma a tsakiyar wata ake yinsa lokacin da wata ya cika, husufin rana kuwa sai a ɓatan wata, kuma ba ya yin awa uku. Tsohon ya ce abin da ya dame shi ba yadda duhun ya zo ba ne, wanda ya shiga cikinsa ne. Ya ce, “Ke kin kira Inna ta buɗe, ba ta ji ba sai da dare. Shi ma ya kira Ubansa daga cikin duhu da babbar murya. Babu rumbun da za a rufe ki ciki wanda bai riga ki shiga ba.”

Darasin da ya fi zauna mini ba da baki ya ba ni shi ba. Wata Asabar ya ce in kwance ɗankwalina in ɗaure idanuna, ya kira jikansa ya ce in ɗora hannu a kafaɗar yaron mu tafi daga ƙofar ɗaki zuwa zaure. Tazarar ba ta fi taki ashirin ba, amma a taki na uku na cire ɗankwalin ina haki. Ya ce ba komai, mu sake mako mai zuwa. A karo na huɗu ne na kai zaure, kuma a nan na gane abin da yake so in gane. Yaron bai ce mini uffan ba, amma idan akwai gangare kafaɗarsa tana sauka kafin ƙafata ta kai, idan akwai tudu tana tashi, idan zai kauce wa turmi ina jin juyawarsa a tafin hannuna. Tsohon ya ce, “Ɗan jagora ba ya karanta mini dukan hanya kafin mu tashi. Taki ɗaya yake ba ni, in na taka ya ba ni na gaba. Makahon da ya ce sai ya san hanya duka kafin ya fita, a ɗaki zai tsufa.” Ya tuna mini cewa mai zabura fitila ya kira Maganar Allah, fitila ga ƙafafu, kuma duk wanda ya taɓa riƙe fitilar ƙwai a hanyar gona ya san ba ta haska ƙarshen hanya, iyakarta inda za ka sa ƙafa. Shekara talatin ina roƙon a haska mini ɗakin duka, ban taɓa tunanin miƙa hannu ba.

Dole in ambaci wata 'yar'uwa a zumuntarmu, ma'aikaciyar jinya, wadda ta zaunar da ni ta bayyana mini cewa jikin mutum yana riƙe firgicin da ya taɓa sha, kamar yadda muke cewa wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ana koya wa jiki sakin wannan tsoro a hankali, ba da tsawa ba. Shawararta da ta tsohon suka dace. Ina faɗin wannan da gangan, domin a majami'unmu muna saurin kiran kowane tsoro aljani, mu bar mutum da nauyi biyu, alhali wani ciwon tabo ne kawai da yake bukatar haƙuri, addu'a, da wanda ya san aikin. Na fara zama a tsakar gida da magariba, maigidana a gefena, ina barin duhu ya sauko a kaina ina maimaita ayar Ishaya, yau minti biyar, gobe goma. A ɗaki kuma muka riƙa rage lagwanin fitila kaɗan-kaɗan. Ya ɗauke ni fiye da shekara kafin daren da na ce masa da kaina ya hure ta. Na koma teburin Ubangiji tun kafin wannan, da tsorona da komai. Akwai lokutan da abin ya dawo, musamman makon da muka binne Baba, kuma a zaman makokin nan ne ɗan baffana, da furfurarsa, ya ja ni gefe ya ce tun ranar hadarin bai taɓa wucewa ta gaban rumbu ba tare da ya tuna ba. Muka yi kuka tare, na ce masa ai yaro ne shi ma a lokacin.

Ban san dalilin da ya sa Ubangiji ya bi da ni ta wannan doguwar hanya ba sai a shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi kudancin Katsina. Tun bayan sace ɗalibai fiye da ɗari uku a Ƙanƙara a Disamba 2020, babu wanda yake barci da ido biyu a rufe a ƙauyukanmu. Na je jinyar Inna a ƙarshen wata damina, lokacin duhun dawa, da karan ya fi mutum tsawo. Tsakar dare muka ji rurin babura, sai harbi. Ɗan ƙanena ya goya Inna, muka fita ta bayan danga muka faɗa gona. Hannuna ya tafi kan wayata da kansa zai kunna tocila, sai matar ƙanena ta damƙe shi ta ce cikin raɗa, “Yaya, kada ki kunna, za su gan mu.” A daren nan duk wani haske na masu kisa ne: fitilun babura, tocilolin da suke haskawa cikin karan dawa, da jan harshen wutar da suka cinna wa rumbunan mutane. Abin da na yi shekara talatin ina gudu shi ne ya zama mana mayafi. Autar ƙanena, 'yar shekara shida, ta maƙale a jikina tana karkarwa. Na kama hannunta na ɗora a kafaɗata, muka riƙa rarrafe tsakanin kunya da kunya, ban san inda muka nufa ba, iyaka dai ina jin inda zan sa gwiwa ta gaba.

Muka kwanta rub da ciki a cikin raɓa, sauro yana cinmu ba mai iya korarsa. Kusa da ni akwai wata maƙwabciyarmu Musulma da jaririnta a ƙirji, tana motsa leɓe tana nata addu'o'in, muka riƙe hannun juna har asuba. Ba zan ce ban ji tsoro ba. Na ji shi har cikin ƙashina. Amma ba irin na rumbu ba ne, domin a rumbu abin da ya fi duhun ciwo shi ne zaton cewa babu wanda ya san inda nake. Da na ɗan juya fuska na hango kaza da 'ya'yanta ta tsakanin ganyen dawa, taurarin nan da annabi Amos ya ce wanda ya yi su shi ne yake mai da baƙin duhu safiya, sai na sa bakina a kunnen yarinyar na riƙa raɗa mata Zabura ta 121, cewa mai tsaronmu ba ya gyangyaɗi, ba ya barci, har na ji jikinta ya saki. Da gari ya waye muka koma muka tarar an kashe mutanen da na sani tun ƙuruciya, an tafi da waɗansu mata, hatsin shekara ya zama toka. Ba zan tsaya a gabanku in ce Allah ya fi ƙaunarmu da su ba, kuma ina da tambayoyin da har yanzu nake kai masa ban sami amsa ba. Ina roƙonku ku riƙa tunawa da ƙauyukan nan cikin addu'o'inku, da waɗanda har yau a gona suke kwana.

Tsohon nan ya riga mu gidan gaskiya shekaru da suka wuce, bai ji wannan labari ba. Yarinyar kuwa tana wurina a gari yanzu, tana makaranta, kuma tun daren nan ba ta yarda a kashe fitila. Ban taɓa ce mata 'yar Kirista ba ta tsoron duhu ba. Ina barin fitilar caji a kunne a kan akwati, in zauna a bakin katifarta in karanta mata zaburar da aka karanta mini a majami'a mai duhu, hannunta a kafaɗata, har barci ya ɗauke ta. A makon jiya, ina shirin buɗe littafin, ta dubi fitilar ta daɗe, sannan ta ce, “Gwaggo, ki rage ta kaɗan, amma kada ki tashi.” Na rage ta, na zauna.